Wata Tara a Aji: Abin da Tarihin Wagadugu Ya Nuna

Duk shekara idan damina ta kusa ɗaukewa, iyaye a Wagadugu sukan tayar da tsohuwar gardama: shin wata tara, daga Oktoba zuwa Yuni, ya ishi yaro ya yi karatun kirki, ko kuwa dogon hutu ne ke wanke masa kai? Tarihin garin yana da abin faɗa a kan wannan.

A Zangouettin, zangon da fataken Hausawa suka zauna a tsakiyar birnin, makarantar allo ba ta san wani abu wai shekarar karatu ba. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, a ɗan sarara lokacin sallah. Ba a tambayar ajin yaro, sai dai izu nawa ya kai cikin sittin. Wani ya sauke da wuri, wani ya daɗe. Bayan Faransawa sun ci Wagadugu a 1896 ne makarantar boko ta zo da kalanda, da jarrabawar ƙarshen shekara, da hutun da ke faɗowa cikin damina.

Sai dai kwanakin da ke kan takarda daban, waɗanda yaro ya samu daban. A Maris 1984 malaman firamare suka shiga yajin aiki, gwamnatin Thomas Sankara ta kori fiye da dubu ɗaya, ta cike gurbinsu da matasan da aka yi wa horo na ɗan lokaci. Azuzuwa ba su rufe ba, amma gogaggun malamai sun tafi. Bayan kisan ɗan jarida Norbert Zongo ranar 13 ga Disamba 1998, watan Disamba ya zama watan yajin ɗalibai shekara da shekaru. A 2000 gwamnati ta soke shekarar karatu sukutum a Jami'ar Wagadugu. Korona ta rufe makarantu a Maris 2020, sannan a farkon 2023 rashin tsaro ya sa fiye da makarantu 6,000 suna kulle a faɗin Burkina Faso. Masu kukan cewa lokaci ya yi kaɗan suna da hujja, domin ko wata taran ba kullum ake samun sa cikakke ba.

Amma ga wani labari. A 1994, a ƙauyukan Nomgana da Goué da ke yankin Loumbila, kusa da Wagadugu, ƙungiyar OSEO ta ƙasar Suwizalan da ma'aikatar ilimi suka gwada wata dabara. Suka tara yaran da shekarunsu suka wuce na shiga aji ɗaya, aka fara koya musu da harshen Mosi, wanda da shi suka tashi, sannan aka riƙa shigo da Faransanci sannu a hankali. A 1998, bayan shekara huɗu kacal, suka zauna jarrabawar gama firamare wadda sauran yara ke yi wa shirin shekara shida, kuma sakamakonsu ya ɗara matsakaicin na ƙasa. Daga nan aka samu makarantu masu harshe biyu, inda firamare shekara biyar ce.

Abin lura shi ne, awa ɗaya da yaro ya fahimci malaminsa ta fi yini guda yana maimaita abin da bai gane ba. Kafin a nemi ƙarin wata, sai a tabbatar malami yana aji, aji a buɗe yake, yaro kuma yana jin abin da ake faɗa.

An rushe Zangouettin a 2003 saboda aikin ZACA, aka kwashe mazauna zuwa wasu unguwanni. Amma tambayar da malamin zaure kan yi wa almajiri da safe, "Ina muka tsaya?", har yanzu tana da amfani. Uban da ke son sanin ko shekara ta yi albarka, ya miƙa wa ɗansa littafi a watan Yuni, ya ce ya karanta masa shafi ɗaya.