Gidan Mai Burodi na Agadas

Mu mutanen Iferwan, in mun gangara Agadas, hasumiyar babban masallaci kaɗai muke ɗaga kai mu kalla. Alhali cikin lungunan tsohon gari akwai gidan Sidi Ka, wanda ake ce ma Gidan Mai Burodi. Bene ne na laka, an gina shi a 1917, shekarar da Nasara suka karya yaƙin Kawusan, Abzin ta watse.

Daga waje kam bango ne kurum, ba ka ko waiga shi. Sai ka shiga, jama'a! Magina sun bi bangon ɗaki da zane mai tudu, duk da laka, ga alkuki nan da can na aje kaya. Har Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990 a ciki.

A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, har da gidan. To amma takardarsu ba ta tare ruwan Agusta. Ginin laka sabon yaɓe yake so akai-akai, kuma in an shafa mai siminti don gudun wahala, danshi ya kan maƙale a ciki, bangon ya ruɓe ba a gani ba.