Damben Kaka da Neman Ƙarfin da Ya Wuce na Dantse

A arewacin ƙasar Kano, wajen Ɗambatta da Bichi da Kunci da Makoɗa, inda gona take manne da gona har mutum ya yi tafiyar wuni bai ga fegin da garma ba ta taɓa ba, al'ada ce tun zamanin kakanni idan kaka ta yi, aka yanke gero da dawa aka cika rumbuna, sai mahauta su ɗauko makaɗansu na kalangu su shiga bin ƙauyuka suna dambe, domin asalin wasan nasu ne kafin 'ya'yan manoma su shigo cikinsa.

Ɗan dambe na wancan zamani, ko da ya ƙoshi da fura da nama, bai taɓa yarda cewa ƙarfin dantse kaɗai zai fisshe shi ba. Kafin a naɗa masa zare a hannun da zai yi naushi da shi, akan yi masa tsaga ƙanana a dantse da wuyan hannu, a goga garin magani a ciki tun jinin bai bushe ba. Ya ɗaura kambu, ya sa guru a ƙugu, ya sha rubutu, wani ma a cusa masa laya a tafin hannu a naɗe ta ciki. Malamai sun daɗe suna ƙyamar abin da ya fito daga wajen bokaye cikin waɗannan, suna tsoron shirka, kuma suna da hujjarsu. Amma wanda ya lura zai fahimci cewa abin da ake nema da su duka shi ne sanyaya tsoro da jinkirta gajiya. A nawa ra'ayin kalangu ya fi su aiki, gama mutumin da gwiwarsa ta yi sanyi, da zarar ya ji an kaɗa takensa an ambaci ubangidansa, sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi ya zaburo yana kirari. Wanda ya san abin da waƙar makaɗin dambe Ɗan Anace ta riƙa yi wa ɗan damben nan Shago ba zai yi musu ba.

Likitoci kuma sun biyo wannan buƙata ta wata ƙofa, wato ta wutar lantarki. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya wani tabibin Rum, Scribonius Largus, yake ɗora kifi mai lantarki a kan masu ciwon kai, shi kuwa Abdullaɗif al-Bagadadi ya siffanta minjiryar kogin Nilu wajen shekarar 1200, irin wadda masuntanmu suka sani sarai. A shekarar 2000 Nitsche da Paulus, a jami'ar Göttingen ta Jamus, suka nuna cewa idan aka jiƙa soso biyu da ruwan gishiri aka ɗora a fatar kai, aka saki wuta 'yar kaɗan, sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa gaɓoɓi yakan ƙara saurin amsawa, ba tare da an fasa ko an tsaga ba. Daga nan 'yan kasuwa suka shigo: a 2016 wani kamfanin Amurka ya fitar da Halo Sport, na'ura mai kama da abin sauraren kiɗa, wadda ɗan wasa zai sa misalin minti 20 kafin atisaye. Binciken da ya biyo baya bai tsaya a magana ɗaya ba. Wasu sun ga an ɗan ƙara juriya, wasu ba su ga kome ba, kuma masu gwaji sai da suka riƙa sa wa wasu na'urar ƙarya domin su rarrabe aikin wuta da aikin yaƙinin mai sawa.

Hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba ta haramta wannan na'ura ba, wadda ba ta barin alama a jini ko fitsari. Gidajen dambe na birni su ma, da suka zo tsara dokoki, sun hana manna fasasshiyar kwalba a zaren hannu, amma ba a daina ganin tsaga da kambu ba.