Takobin aiki da takobin ado: Abin da ya kamata mai saye ya sani

Wuƙa, adda da takobin da ake sayarwa a kasuwannin Arewa sun kasu gida biyu: waɗanda aka ƙera domin aiki, da waɗanda aka ƙera domin idon baƙo. Sau da yawa na biyun sun fi ƙyalli da tsada, na farkon kuwa sun fi ƙarko. Wannan bambanci ya shafi aljihun mai saye, ya kuma shafi makomar sana'ar ƙira.

Daga ina bambancin ya faro?

Tun asali Hausawa sun raba maƙera biyu. Maƙeran baƙi su ke sarrafa baƙin ƙarfe, su fitar da fartanya, gatari, lauje da wuƙa. Maƙeran fari kuwa aikinsu azurfa da tagulla, wato kayan ado. Takobi na ƙwarai yakan bi ta hannu uku: mai ƙera ruwansa, mai yi wa ƙota ado, da badukun da zai ɗinka kube da hamila. A takobin da ake yi domin 'yan yawon buɗe ido, ƙoƙarin yakan ƙare a ado da fata, ruwan kuwa a yanko shi daga fallen ƙarfe mara tauri.

Sai dai kalmar "gargajiya" ba ta nufin komai na gida ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu yawa, akasari ƙirar garin Solingen na Jamus, a sa musu ƙota da kube a Kano, sannan a sayar da su zuwa wasu ƙasashe. Ma'aunin inganci, ke nan, shi ne aikin da ƙarfen zai iya yi.

Darasi daga Nepal

Irin wannan rabuwa ta fi fitowa fili a wuƙar kukuri ta ƙasar Nepal, mai lanƙwasa zuwa gaba, wadda sojojin Gurkha suka yi suna da ita tun da Birtaniya ta fara ɗaukarsu aiki a 1815. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su a dajin Bama a 1944. Maƙeran Nepal, da ake kira Kami, suna ƙera ta da sifirin tsohuwar mota, su zuba ruwa a bakin kaɗai yana da zafi, domin kaifin ya yi tauri, gadon bayan kuma ya jure sara. Ta ƙauye ba ta da nauyi, ba ta da ƙyalli. Wadda ake fitarwa Turai da Amurka kuwa takan fi kauri, nauyi da sheƙi, domin haka masu sayen can suke so. Wasu na fitarwar suna da inganci, amma an ƙera su ne daidai da sha'awar mai tara kayan tarihi, ba buƙatar manomi ba.

Abzinawan Agadas ma sun ga haka. Maƙeransu sun karkata ga baƙi daga Turai, da tawayen 2007 ya kore baƙin, kasuwar ta durƙushe.

Yaya ake ganewa?

Na farko, ƙarfe. Maƙeran baƙi na yau, daga Panteka har garejojin Kakuri inda suke samun tsofaffin kayan mota, sun fi son sifiri kamar takwarorinsu na Nepal. A goga zarto a bakin: idan ya zame, ƙarfen ya yi tauri, idan ya ci cikin sauƙi, ba zai riƙe kaifi ba.

Na biyu, ƙota. A duba ko jelar ruwan ta shige ƙota sosai. Wadda aka liƙa da walda ko gam tana iya fizgewa a tsakiyar aiki, ta raunata mai ita.

Na uku, nauyi. Kayan aiki bai kamata ya gajiyar da wuyan hannu ba. Na huɗu, kube: fatar gaske a kan itace, da ɗinkin hannu, ta fi roba mai fenti.

Mahauci, manomi da mafarauci su nemi na aiki. Mai hawan Sallah ko mai neman tsaraba, na ado ya ishe shi, muddin bai biya kuɗin na aiki ba.

Me doka ta ce?

Mallakar adda ko wuƙa domin sana'a ba laifi ba ne. Amma Dokar Zaɓe ta haramta zuwa gangamin siyasa ko rumfar zaɓe da makami, kuma 'yan sandan Kaduna suna kama 'yan shara da ke yawo da su. Duk lokacin da ɗan siyasa ya raba wa matasa adduna, maƙerin da ke ci da guminsa ne ke fara shiga zargi.