Tabuloid

tabuloid (suna, mace, jam'i: jaridun tabuloid)

1. Jarida mai ƙananan shafuka, kimanin rabin shafin babbar jarida, mai sauƙin buɗewa a cikin jirgin ƙasa ko motar haya.

2. Salon aikin jarida da ya yi ƙarfi a Birtaniya, irin na *The Sun* da *Daily Mirror*: manyan hotuna, kanun labarai masu razanarwa, gajerun jimloli, ƙwallon ƙafa da tsegumin taurari da gidan sarauta. Galibin masu sayen irin waɗannan jaridu ma'aikata ne da talakawa, saɓanin manyan jaridu irin *Daily Telegraph* da *Financial Times* masu zurfafa bayani kan siyasa, tattalin arziki da harkokin waje domin 'yan boko da masu hannu da shuni. Iya magana da talaka baiwa ce, amma neman kasuwa yakan kai jaridun tabuloid ga tona asirin mutane: a 2011 aka rufe *News of the World* saboda satar sauraron wayoyin jama'a.

Girman takarda kaɗai ba ya nuna salo. *The Times* ta rage shafinta a 2004, *The Guardian* a 2018, amma ba su koma tsegumi ba.