Daga Gwantu Zuwa Yankari: Tarihin Fitar 'Yan Makaranta Ganin Namun Daji

Yawancin yaran unguwarmu a yau sun san giwa da zaki ne a wayar salula. Amma duk wanda ya yi makaranta a wannan yanki tsakanin shekarun 1970 da farkon 2000 ya san kalmar "eskoshon", wato fitar da makaranta kan shirya wa ɗalibai don su je su gani da idonsu. Al'adar tana da tarihi, kuma tarihinta haɗe yake da na dazuzzukan da suka kewaye mu.

Kafin zuwan Turawa, daji yana da masu shi. Maƙwabtanmu Numana da Ninzo da Ayu suna da kurmi da tsaunukan da ba a saran icce a cikinsu, suna kuma da lokacin farautar gayya da lokacin da ake barin dabbobi su hayayyafa. Kakanninmu da fatauci ya kawo su nan sun tarar da waɗannan dokoki, suka bi su. A shekarar 1916 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar gandun daji da ta kare namun daji, aka soma shata iyaka ana cewa nan ba noma, ba farauta. Talakawa da yawa ba su ji daɗin abin ba, don kuwa gonaki da wuraren kiwo ne suka faɗa cikin shacin. Daga nan ne ma'aikacin gandun daji ya zama mutumin da ake tsoro a ƙauye.

A wancan tsari ne aka samu gandun Nimbia da ke nan kusa da mu, wanda aka kafa a 1957 aka dasa itatuwan tik da malaina saboda katako. Mahadar da muke kira Forest, inda hanyar Kafanchan ta rabu da ta Jos, ai daga wannan gandu ta samo sunanta. Can gefen Kafanchan kuma akwai dazuzzukan Kagoro da Nindam, waɗanda masana tsuntsaye daga ƙasashen waje suka daɗe suna zuwa bincike a cikinsu, saboda irin kurmin da ke wurin ya fi kama da na kudancin ƙasar nan.

Sai dai babban sunan da ya mamaye zukatan 'yan makaranta shi ne Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. A Jos kuma an riga an buɗe gidan tarihi tun 1952, inda aka ajiye kayan tarihin Nok da aka haƙo a ƙasarmu ta kudancin Kaduna, sannan a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kafa gandun namun daji na Jos. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, sai ya zama akwai wuraren zuwa, akwai kuma masu zuwa.

Yadda tafiyar take, kusan iri ɗaya ce a kowace makaranta. Malamin labarin ƙasa ko na aikin gona ne kan ɗauki nauyin shiri. A aika wa iyaye takarda, a yi ta tara kuɗin mota kaɗan-kaɗan har tsawon zango guda. Lokacin rani ake zaɓa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, saboda a lokacin ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobin Yankari duk sun gangaro bakin kogin Gaji. Iyaye mata su kwana suna suyar dambun nama da cincin, a ɗaura wa yaro ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda. Da asuba mota ta tashi, a wuce Forest, a tsaya kallon ruwan Assop, a hau Hawan Kibo direba na ta addu'a, a ratsa Jos da Toro da Bauchi, a karya kwana a Dindima, sai ƙofar Mainamaji. Makarantar da ƙarfinta bai kai Yankari ba takan tsaya a Jos, ta haɗa gidan tarihi da gandun dabbobi a wuni ɗaya. Wadda ba ta iya ko wannan ba, sai ta kai yara ruwan Matsirga a Kafanchan.

To me yaro ke samu a can? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya tashi da tatsuniyar Gizo da giwa da dorina, ga shi yau a bayan buɗaɗɗiyar mota yana kallon garken giwaye na tsallake hanya, jagora na cewa kowa ya yi shiru. Ya ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, sunayen da a da sai a bakin tsofaffin mafarauta yake jin su. Ya ga bika sun sace wa wani burodi a sansanin Wikki, ya yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina. A dawo a ce kowa ya rubuta rahoto, kuma sau da yawa shi ne rubutu na farko da yaro ya yi a kan abin da ya gani da kansa.

Akwai wata riba da ba a rubuta ta a rahoto. A motar nan ɗan unguwar Hausawa da ɗan Numana da ɗan Fulani kujera ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana. Idan lokacin sallah ya yi, malami Kirista ne zai ce direba ya tsaya. Mu da muka ga abin da rikici ya yi wa wannan yanki, mun san darajar irin wannan sabo. Da yawa cikin dattawan da suke iya ɗaga waya su kira juna idan hankali ya tashi, tun a irin waɗannan tafiye-tafiye suka san juna.

Me ya rage abin? Na farko, tsaro. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun tarayya a 1999 kuma shi ne namu na Jihar Kaduna, 'yan bindiga sun mayar da shi mafaka. Sambisa ma, da yara suka san shi da Boko Haram, asalinsa gandun namun daji ne. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 a kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka kusa da Kaduna. Bayan wannan, wane uba ne zai sa hannu a takarda cikin kwanciyar hankali? Na biyu, kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hayar bas zuwa Bauchi ta fi ƙarfin yawancin iyaye. Na uku, dajin kansa ya ja baya. Giwayen Yankari, duk da suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Najeriya, ƙiyasi ya nuna ba su wuce 100 zuwa 150 ba. A nan gida kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, buhunan gawayi da lodin katako da ke fita ta hanyar Akwanga, da hannun 'yan unguwarmu a cikin cinikin. Sana'a ce ta halal, amma ƙirya da maɗaci da ake sarewa ba a shekara goma suke girma ba.

Shi ya sa bai kamata mu bar al'adar ta mutu ba. Yaron da bai taɓa shiga daji da malami ba, ko dai ya ɗauke shi maɓoyar ɓarayi, ko ya ɗauke shi buhun gawayi. Kuma ba lallai sai Yankari ba. Nimbia da Matsirga da Assop duk tafiyar safe ce a dawo kafin la'asar. Jos ma ana zuwa a dawo a rana ɗaya, ga kuma dajin Amurum a Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos take. Ƙungiyoyin iyaye da malamai, na boko da na Islamiyya, za su iya haɗa makarantu biyu ko uku a mota ɗaya, a nemi shawarar jami'an tsaro da masu unguwanni kafin a sa rana, a gayyaci tsohon mafarauci ko ma'aikacin gandun daji ya riƙa faɗa wa yara sunayen itatuwa da Hausa da Numana. 'Yan kasuwarmu na katako da gawayi su ne suka fi cancanta su biya kuɗin man, tunda daga dajin arzikinsu ya fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mana yaranmu a gida da kan hanya.