Kwaikwayon Motsin Mai a Tankin Jirgin Sama: Matsalar Tana Wurin Raguwar Nauyi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani zato da ya yi kaka-gida a aikin kwaikwayon kwamfuta na tankunan jiragen sama, wato cewa gwaji mafi tsanani shi ne wanda aka yi a ƙololuwar ninkin nauyi. Ta hanyar lissafi a kan tanki mai kusurwa huɗu, an nuna cewa mai ya fi ladabi a 9g, kuma ya fi kuɓuce wa famfo a lokacin da matuƙi ya saki jirgi daga jan sama ya tura hancinsa ƙasa.

Gabatarwa da bitar ayyukan baya

Jirgin yaƙi irin F-16 an gina shi ya jure nauyi ninki tara, abin da ake rubutawa 9g. Don haka ba abin mamaki ba ne injiniya ya ɗauki wannan adadi ya sa a kwamfuta, ya ga tankin bai tsage ba, ya ce an gama. Ga ƙarfin jikin tanki, wannan daidai ne. Ga tambayar ko inji zai ci gaba da samun mai, bai isa ba.

Tarihin fagen sananne ne. Graham da Rodriguez a 1952 sun kwatanta kaɗawar mai da ƙwallayen ƙarfe da ke rataye a jikin sifirin. Littafin da Abramson ya tace wa hukumar NASA a 1966 ya tattara abin da aka sani a zamanin rokoki. Hirt da Nichols a 1981 suka kawo dabarar VOF, wadda ke yanka tanki zuwa ƙananan gidaje tana bin diddigin kason ruwa a kowanne, sannan Monaghan a 1994 ya shigo da dabarar SPH, mai ɗaukar ruwa a matsayin tarin ƙwayoyi, cikin nazarin ruwa mai buɗaɗɗiyar fuska. Ba mu da jayayya da ko ɗaya daga cikinsu.

Jayayyarmu da masu amfani da su ce. Akwai al'adar ɗaukar g a matsayin adadi tsayayye daga farkon kwaikwayo har ƙarshe. Akwai kuma wadda ta fi ta sauƙi, da ake amfani da ita wajen ƙirar ma'aunin mai: a ɗauka fuskar mai kullum shimfiɗe take, tana karkata nan take duk inda nauyi ya karkata. Masu wannan ra'ayi za su ce yana rage kuɗi da lokaci, kuma yana aiki a jirgin fasinja da ke tafiya a miƙe. Mun yarda. Amma zato ne mai sharaɗi, kuma sharaɗin ba a cika faɗarsa ba: dole juyin jirgi ya ɗauki lokacin da ya fi lokacin kaɗawar mai tsawo nesa ba kusa ba.

Hanyar bincike

An ɗauki tanki mai tsawon mita 1 da tsayin mita 1, an cika rabinsa da man Jet A-1, wanda nauyinsa ya kai kimanin kilo 800 a kowace mita kubik. An yi amfani da sanannen lissafin kaɗawa ta farko a tanki mai kusurwa huɗu, da dokar Torricelli ta fitar ruwa ta rami. An sauya ninkin nauyi daga 9g zuwa 0.1g, tare da fizga ta gaba ko baya mai ƙarfin 0.3g, irin wadda ƙarin wutar inji ko birkin iska kan haifar.

Sakamako

A 9g matsin mai a gindin tanki ya tashi daga kimanin kilofaskal 3.9 zuwa 35. Wannan aikin masu ƙarfe ne, kuma sun san shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne lokacin kaɗawa. A 1g, mai yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa 1.18. A 9g lokacin ya ragu zuwa daƙiƙa 0.39, domin saurin kaɗawa yana bin tushen murabba'in g ne: nauyi ninki tara, sauri ninki uku. A nan zaton shimfiɗaɗɗiyar fuska yana da hujja, tunda mai yana daidaita kansa kafin jirgi ya gama juyi. Amma a 0.1g lokacin ya miƙe zuwa daƙiƙa 3.7, kuma yayin da g ke kusantar sifiri, babu abin da ya rage da zai mai da shi mazauninsa. Idan matuƙi ya sauko daga 9g zuwa kusan sifiri cikin daƙiƙa biyu, wannan bai ko kai lokacin kaɗawa ɗaya a 0.1g ba. Yana tafe da saurin da ya kwaso lokacin da nauyi ke danne shi, sai aka ɗage masa hannu. Kwaikwayon da ya fara daga mai a kwance a 0.1g ba zai taɓa ganin wannan ba, domin ya jefar da abin da ya faru daƙiƙa biyu da suka wuce.

Karkatar fuskar mai ma haka ta nuna. Fizgar 0.3g a ƙarƙashin 9g ba ta karkatar da mai fiye da digiri 1.9. A 1g ta kai digiri 16.7. Da nauyi ya sauka zuwa 0.3g sai ta kai digiri 45, wanda a wannan tanki shi ne daidai inda kusurwa ɗaya ta gindi ke bushewa. Idan bakin famfo yana can, iska zai zuƙa. In kuwa zurfin mai santimita 10 ne kawai, kamar yadda kan faru a ƙarshen tafiya, kusurwar tana bushewa tun nauyi yana 1.5g. Ke nan jirgin da ke tafiya a miƙe ma bai tsira ba.

Za a ce ai don haka aka yi ƙaramin tankin ciyarwa, mai bawul da ke barin mai ya shiga ya hana shi fita. Gaskiya ne. Sai dai shi ma, inda aka dogara da nauyi wajen cika shi, yana ƙarƙashin doka guda. Da tazarar zurfi ta santimita 20, mai yana ratsa ramin shamaki da gudun mita 5.9 a daƙiƙa a 9g, mita 2 a 1g, mita 0.63 kacal a 0.1g. Inji kuwa shansa bai ragu ba. Tankin ciyarwa a wannan yanayi kamar randa ce da ake ɗiba ba a zubawa. Abin tambaya shi ne daƙiƙa nawa za ta ɗauka. Matuƙan Spitfire na Ingila sun ɗanɗana dangin wannan matsala a 1940, lokacin da injin Merlin ke shaƙewa in sun tura hanci ƙasa, ko da yake tasu a kafireto take.

Saboda haka muna ganin kwaikwayon VOF ko SPH ba shi da amfani ga tambayar ciyar da inji sai an ba shi tarihin g gaba ɗaya, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma an tsananta ragar lissafi a kewayen bakin famfo a zangon saukar nauyi. Lokacin kwamfuta da ake ƙonawa a kan 9g gara a kashe shi a nan.

Iyakokin bincike

Dole a amsa cewa tankin fiffike ba akwati ba ne: siriri ne, yana da haƙarƙari da shamakai, kuma yana lanƙwasa tare da fiffiken, abin da shirin SLOWD na Tarayyar Turai ƙarƙashin jagorancin Airbus ya yi nazari a kai. Lissafin da muka yi amfani da shi na ƙaramar kaɗawa ne, yana karyewa da zarar mai ya daki rufin tanki ya gauraya da iska, kuma ba mu taɓa batun kumfa ko soson da ake cusawa a wasu tankunan soja ba. Waɗannan za su sauya alƙaluman. Dogaron lokacin kaɗawa a kan tushen murabba'in g kuwa zai ci gaba da aiki a kowane tanki da nauyi ke riƙe da mansa.