Kaye da Sallamawa: Nazarin Dabarun Riƙo a Kokawar Hausawa da Jiyu-jitsun Birazil daga Babbar Kasuwar Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta dabarun riƙo da kayarwa na kokawar gargajiya, kamar yadda aka san ta a ƙasar Katsina da Maraɗi, da na jiyu-jitsun Birazil, wasan da bidiyonsa ya cika wayoyin samari a 'yan shekarun nan. An bi hanyar nazarin ƙa'idojin wasannin biyu, da duban yadda gaɓoɓin jiki ke aiki a kowane kamu, da lura da masu aikin ƙarfi a Babbar Kasuwar Katsina. Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idar da ke yanke ƙarshen wasa ita ke haifar da dabarunsa. Kokawa tana ƙarewa da kaye, don haka iliminta ya taru a tsaye. Jiyu-jitsu yana ƙarewa da sallamawa, don haka nasa ilimin ya taru a ƙasa.

1.0 Gabatarwa

Babbar Kasuwar Katsina matattara ce ta mutanen da jikinsu ne jarinsu: 'yan dako, da masu tura baro, da masu lodin mota, da mahauta waɗanda tun kaka da kakanni dambe ke hannunsu. Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan da har yau ake kokawa bayan an gama girbi, wasu kuma daga tsallaken iyaka suke, ta hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. A cikin kasuwar kuma akwai rumfunan masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, kuma ta nan da ta intanet faɗan keji na UFC ya shigo hirar matasa. Abin da ke ɗaure wa ɗan kokawa kai idan ya kalli irin wannan bidiyo ɗaya ne: an ɗaga mutum an maka shi da ƙasa, amma alƙali bai raba ba, kuma wani lokaci na ƙasan ne ke tashi da nasara. Wannan ɗaurewar kai ita ce tambayar binciken.

2.0 Kokawa da ƙa'idar kaye

Ƙasar Katsina da ta Maraɗi fage ɗaya ne ta fuskar wannan wasa, kuma tarihi ne ya sa haka. Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta koma arewa ta kafa zama a Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin da Sarkin Katsina. Iyakar da Turawa suka shata ba ta raba ganga da kirari ba. Bambancin da ya zo daga baya na hukuma ne: Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa wasan ƙasa, ta fara gasar takobi a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché. Wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, kuma da sunansa ake kiran filin kokawar Maraɗi. Yanzu jihohi 8 na Nijar kowace tana kawo 'yan kokawa 10, mutum 80 ke nan a gasa guda. A Nijeriya kuwa wasan ya zauna a hannun unguwanni da ƙauyuka da bukukuwa.

Ko a dandalin ƙauye ko a filin gasa, hukunci ɗaya ne: wanda bayansa, ko ɗuwawunsa, ko kansa ya taɓa ƙasa, an kada shi. Ba a jiran ya ce ya ji jiki. Daga wannan ƙa'ida duk sauran abubuwa suka tsiro.

Tsayuwar ɗan kokawa ita ce shaida ta farko. Yana duƙawa sosai, ƙafafu a ware, ƙugu a baya, hannuwa a gaba suna lalube. Dalilin shi ne nauyin jikin mutum yana taruwa ne a wajen ƙugu, kuma muddin wannan cibiyar nauyi tana tsakanin ƙafafunsa ba zai faɗi ba. Kayarwa duka ƙoƙari ne na fitar da ita daga tsakanin nan. Hanya biyu ce: ko a ture nauyin ya wuce ƙafar, ko a ɗauke ƙafar daga ƙarƙashin nauyin. Taɗiya da sa ƙafa ta ciki ko ta waje na cikin kashi na biyu, haka ma surar ƙafa ɗaya ko duka biyu. Kamun wuya da fizgar hannu da rungumar ƙugu a juya mutum na cikin na farko. Gwani kuwa yana haɗa su: ya tura har abokin karawa ya turje, sannan ya saki ya ja, ƙarfin turjiyar ya zama shi ne makamin kayarwa.

Tunda ba riga a jiki, sai bante ko warki da guraye, riƙo yana kan fata ne, fata kuma tana santsi da gumi. Shi ya sa ake ganin 'yan kokawa suna dumbuzar rairayi suna murzawa a tafin hannu. Wannan ma ya rage yawan kamun da za a iya dogara da shi, ya mayar da hankali ga wuraren da ƙashi ke ba da maƙali: ƙeya, da bayan gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da ƙugu.

A nan ne lura da 'yan dako ta yi amfani. Wanda ya saba ɗaukar buhun shinkafa mai kilo 50 ko na hatsi mai kilo 100 ba ya ɗaga shi da baya. Yana lanƙwasa gwiwa, ya shigar da ƙugunsa ƙarƙashin kayan, ya manna su da ƙirji, sannan cinyoyi su miƙe da shi. Wannan shi ne ainihin motsin surar ƙafa a ɗaga mutum sama. Ba ana cewa kowane ɗan dako ɗan kokawa ba ne. Buhu ba ya turjiya, kuma ba ya sa taɗiya. Amma jikin da ake nema a makarantun wasa da atisaye na shekaru, a kasuwa ana gina shi wajen neman abinci.

3.0 Jiyu-jitsu da ƙa'idar sallamawa

Asalin wasan daga judo ne, wanda Jigoro Kano ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Jafan a 1882. Ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Birazil a 1914 ya zauna a Belém, inda Carlos Gracie ya koya a wurinsa. Carlos ya buɗe makaranta a Riyo a 1925, ƙaninsa Hélio Gracie kuma ya zama fuskar wasan. Abin da suka riƙe shi ne faɗan ƙalubale wanda ba a tsayar da shi don an faɗi; sai ɗaya ya sallama ko ya kasa ci gaba.

Karawar Hélio da Masahiko Kimura a filin Maracanã a Oktoban 1951 ta isa hujja. Kimura ya yi ta jefa Hélio ƙasa, wanda da a dandalin kokawa ne da tuni makaɗa sun juya kiɗa. Wasan bai ƙare ba sai a turmi na biyu, da Kimura ya murɗe masa hannu ta kafaɗa, Hélio ya ƙi sallamawa, yayansa Carlos ya jefa tawul. Da sunan Kimura ake kiran wannan kamu har yau. Shekaru 42 bayan haka, a gasar UFC ta farko a Denver ta Amurka, ranar 12 ga Nuwamban 1993, ɗan Hélio, Royce Gracie, ya sa mutum 3 sun sallama a dare ɗaya. Daga ranar duniya ta fara ɗaukar faɗan ƙasa da muhimmanci.

Tsarin maki na hukumar jiyu-jitsu ta IBJJF yana nuna inda wasan ya ajiye darajarsa. Kayarwa, wadda ita ce komai a kokawa, maki 2 ce kawai. Kifar da na sama daga ƙasa ma 2. Tsallake garkuwar ƙafafu maki 3. Hawan ruwan ciki 4, kamun baya 4, kuma kowane sai an riƙe shi daƙiƙa 3 kafin a rubuta. Duk waɗannan matakai ne zuwa ga abu ɗaya, wato wurin da za ka iya cutar da abokin karawa shi kuma ba ya iya cutar da kai.

Garkuwar ƙafafu ita ce abin da ya fi baƙunta ga idon Bahaushe. Mutum yana kwance rigingine, ya naɗe ƙugun na samansa da ƙafafu, ko ya tokare shi da tafin ƙafa da gwiwa. Ƙafa ta fi hannu tsawo da ƙarfi, don haka na ƙasa yana iya hana na sama matsowa, ya ja shi, ya karkata masa nauyi. Idan aka duba da kyau, ƙa'idar nan ta cibiyar nauyi ce dai ta dawo: na sama yana kan gwiwoyi da hannuwa, a toshe masa dafa ɗaya, a tura shi ta wannan ɓangare, sai ya kife. Taɗiya ce da ake yi a kwance. Har akwai 'yan wasan da ba sa ɓata lokacin neman kaye, da an fara sai su kama riga su zauna da kansu, kuma doka ba ta cire musu komai. A wurinsu faɗuwa ta zo daidai da zama. A Maraɗi kuwa sun kada kansu ke nan.

Kamun ƙarshe iri biyu ne. Na farko na gaɓa ne. Gwiwar hannu tana lanƙwashewa ta fuska ɗaya kawai, sai a matse dantsen tsakanin cinyoyi, a riƙe wuyan hannu a ƙirji, a ɗaga ƙugu a bayan gwiwar. Jiki guda ke nan a kan gaɓa ɗaya, kuma ƙaramin mutum yana iya yi wa ƙato. Kimura kuwa ana lanƙwasa hannun ne a juya shi ta baya, kafaɗa ta ɗauki murɗar. Na biyu shaƙa ce, kuma a nan ake yawan kuskuren fahimta. Ba maƙogwaro ake nufa ba, jijiyoyin jini biyu na gefen wuya ne, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Ana matse su da dantse daga baya, ko da wuyan riga, ko da cinyoyi tare da kafaɗar mutumin kansa. Idan kamun ya zauna, cikin kamar daƙiƙa 10 hankali ke gushewa, wani lokaci ba tare da zafi mai yawa ba. Idan aka ci gaba da riƙewa bayan suma, ƙwaƙwalwa na iya lalacewa, rai ma na iya salwanta. Abin da ya mayar da wannan kamu wasa shi ne yarjejeniya: wanda aka kama ya bubbuga da hannu, wanda ya kama ya saki nan take.

4.0 Tattaunawa

Cewa doka ce ke ƙera dabara ba hasashe ba ne, an ga haka a cikin wasanni da kansu. Hukumar judo ta duniya ta taƙaita kamun ƙafa da hannu a 2010, ta hana shi gaba ɗaya a 2013, sai tsayuwar 'yan judo ta miƙe, domin ba sauran abin tsoro daga ƙasa. IBJJF ta halatta murɗar dunduniya ga manyan 'yan wasa a gasar da ba riga a 2021, makarantun da suka yi watsi da kamun ƙafa suka koma koyar da shi. Haka nan ɗaga mutum a buga shi da ƙasa da gangan don ya saki riƙo laifi ne a dokar IBJJF, alhali ɗagawa a maka ita ce kayen da ke tada 'yan kallo tsaye a fagen kokawa.

Saboda haka kuskure ne a ce kokawa ba ta kai jiyu-jitsu zurfi ba don ba ta san ƙasa ba. Ba ta nemi sanin ƙasa ba ne. A al'adar da ta haife ta, wanda ya faɗi an gama da shi, kuma bin sa da duka ko shaƙa abin kunya ne. Dambe ma da an yi kisa, wato an kai mutum ƙasa, ake rabawa. Gobe mai kaye da wanda aka kayar za su haɗu a gona ko a kasuwa, wasan kuma an tsara shi yadda za su iya gaisawa.

Ta fuskar gasar zamani, hukuncin marubuci shi ne ɗan kokawa ya fi kusa da jiyu-jitsu fiye da yadda ɗan jiyu-jitsu yake kusa da kokawa. Wanda ya iya kayarwa kuma ba a kada shi, shi ke zaɓar inda za a yi faɗan, a tsaye ko a ƙasa. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokawar makarantun Amurka ya shiga UFC, ya ɗauki kambu a Maris 2019. Sai dai ɗan kokawarmu yana da ɗabi'u biyu da za su ci shi a tabarmar jiyu-jitsu. Yana miƙa wuya gaba wajen surar ƙafa, tunda ba wanda ya taɓa shaƙe shi. Kuma idan zai faɗi yana juyawa ya ba da baya don kada bayan ya taɓa ƙasa, wanda hakan kyautar maki 4 ce da wuya a buɗe.

Ta fuskar kare kai kuwa, garkuwar ƙafafu an gina ta ne a kan tabarma mai laushi, mutum ɗaya da ɗaya, da alƙali a tsaye. Daɓen siminti na kasuwa da cunkoson jama'a ba su ba da wannan sharaɗi ba. A irin wurin nan ilimin tsayuwa da ƙafafu ya fi amfani.

5.0 Abin da ya kamata a yi

Gajeren bidiyo yana nuna wa yaro shaƙar, ba ya nuna masa shekarun da aka yi ana koyon saki. Malaman wasannin motsa jiki a makarantun Katsina, da shugabannin sana'o'i a kasuwa, ya kamata su faɗa wa matasa dalla-dalla cewa shaƙar wuya ba wasan hira ba ce, kuma wanda ya suma a hannunka ba zai iya bubbuga ka ba.

Aiki na biyu ya fi gaggawa. Kamun jiyu-jitsu kowane yana da suna a rubuce da hoto da bayani. Na kokawa suna cikin kawunan dattawan da suka bar fage da makaɗan da suka yi musu kirari. Muna kira ga masana Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su haɗa hannu da masana na Maraɗi, su zauna da waɗannan dattawa, su ɗauki kowane kamu a bidiyo da sunansa da yadda ake warware shi, tun masu sanin suna raye.